Ranar da Rumfar Yakaka Ta Zama Firi

Duk wanda ya saba cin abinci a bakin Kasuwar Shanu ta Potiskum ya san rumfar Yakaka, can bayan inda tireloli ke juyawa. Burabusko take yi da miyar kuka mai busasshen kifi, sai shinkafa da wake ga masu sauri. Doguwa ce, baƙa, mai son lafaya mai haske, kuma har yau Hausarta tana ɗauke da ɗanɗanon Barbarci. Abin da baƙo ke fara lura da shi shi ne irin tambayar da ake yi a rumfar. Mutum zai leƙo, ya nuna benci, ya ce, "Hajiya, nan libir ne?" Ita kuwa ba tare da ta ɗaga kai daga tukunya ba sai ta ce, "Libir ne, zauna. Amma ba giratwi ba ne." Sai na zaune su yi dariya, baƙo ya rasa abin da ake wa dariyar.

A Maine-Soroa aka haife ta, tsallaken iyaka a ƙasar Nijar, inda mahaifinta ke noman tattasai a bakin kogi. Ta yi lakwal, wato makarantar bokon can, ta gama firamare har ta ɗan taɓa na gaba, saboda haka Faransanci ya zauna mata daidai gwargwado. Turancin Ingilishi kuwa ko a mafarki bai taɓa zuwa mata ba. Kaumi ne ya jawo mata shi. Shi direba ne, iyayensa mutanen Borno ne da suka daɗe da zama a unguwar Yerimaram, kuma yana zuwa Maine da motarsa ɗaukar buhunan tattasai. Mutum ne mai arhar dariya, abin da ya fara burge ta ke nan. Da ya nemi aurenta, mahaifinta ya tambaye ta, ta sunkuyar da kai tana murmushi, magana ta ƙare.

Bayan biki da 'yan watanni Kaumi ya kai ta ganin gida. A hanyar dawowa ne ta fara karo da kalmar da za ta yi ta wasa da hankalinta shekara da shekaru. Ƙasar tasu shimfiɗe take kamar faifai, amma Kaumi yana da idon gano gangare ko da na tafin hannu ne. Suna cikin tafiya sai ta ji kukan injin ya lafa, motar tana ta sulalewa shiru.

"Maigida, motar ta mutu ne?"

"Ina! Firi na saka ta."

"Mene ne firi?"

Ya girgiza sandar giya ya nuna mata yadda take lilo ba ta kama komai ba. Ya ce in mota tana firi, injin ya saki ƙafafu, gangare ne ke jan ta, shi kuma mai yana hutawa.

"Au, fuwan-mor," in ji Yakaka. "Haka direbobinmu ke cewa."

"Me ke nan?"

"Wai wurin da ya mutu."

Kaumi ya yi wuf ya mayar da giya. "A'uzubillahi! Muna tsakiyar titi kina kira mana mutuwa? Mu dai firi muka sani."

Ta yi dariya har da hawaye, ta kuma adana kalmar a ranta da jin cewa ta ƙaru. Firi dai giyar mota ce, shi ke nan.

Ba a daɗe ba ta samu cikin 'yarta ta fari, Khalida. Maƙwabciyarta Talatu, wata 'yar Ngizim mai surutu da kirki, ita ke raka ta awo. Wata safiya Talatu ta faɗo gidan tana gyara mayafi.

"Amarya, yi maza ki shirya. Yau ana raba gidan sauro a asibiti, kuma firi ne."

Yakaka ta tsaya da tsintsiya a hannu. "Gidan sauron ma yana da giya?"

Talatu ta dube ta, ta sake dubanta, sannan ta zauna a kan turmi ta riƙe ciki. Sai da ta gama dariyarta ta yi bayani: firi shi ne kyauta, abin da za a miƙo maka ba ka ba da ko sisi ba.

"To ai wannan giratwi ne," in ji Yakaka. "Mushenmu ya ce duk abin da ba a biya giratwi ne sunansa."

"Mushe? Mushe yana magana a garinku?"

Nan ma sai da aka zauna. Yakaka ta yi rantsuwa cewa a Nijar malamin makaranta ake kira mushe, ba mataccen jaki ba, Talatu kuwa ta ce ita dai ba za ta kai ɗanta wurin mushe karatu ba ko ana ba da kuɗi. Suka tafi asibiti suna tuntsira dariya a hanya, suka dawo kowacce da gidan sauronta.

Daga nan Yakaka ta riƙe cewa firi biyu ne, na mota da na kyauta. Sai ga na uku. Ta iya kitso irin na Barebari, matan unguwa kuma sun fara kawo mata kai. Wata rana Talatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Khalida, kina firi da yamma? Ina son kitso." Yakaka ta ji abin ya ɗan sosa mata rai. Ba wai za ta ƙi yi wa Talatu kyauta ba, amma a ce mutum ya fito fili ya roƙa tun kafin a taɓa kansa? Ta yi kitson dai. Da aka gama Talatu ta kwance bakin zane za ta sallame ta, Yakaka ta ture hannun.

"Ba ke kika ce firi ba?"

"Ni? Cewa na yi ko ba ki da wani aiki!"

"Wannan ai libir ne!"

Da Kaumi ya dawo ta tare shi da ƙara tun bai cire takalmi ba. Ta ce a lakwal an koya musu kowane abu da sunansa. Mutumin da ba ya aikin komai libir ne, kujerar da ba kowa a kanta ita ma libir ce, abin da ba a biya giratwi ne, giyar da ba ta ja kuma fuwan-mor. "Ku kuwa kalma ɗaya kuka samu, kamar gidan da samari suka yi yawa riga ɗaya ce, duk wanda ya riga tashi shi ke sawa." Kaumi ya ce ai wannan shi ne tattali, Bature ya san tsadar kalmomi.

Shekaru suka tura. Aka shiga lokacin da hanyoyi suka yi wuya, zuwa Maine ya zama sai da addu'a. Kaumi ya sayar da motar ya sayi keke mai ƙafa uku, yana jigila tsakanin Yerimaram da kasuwa. Yara sun ƙaru, abin da keken ke kawowa ba ya kai wata. Yakaka ta ce ita ba za ta zauna tana kallon tukunya ba, gara ta kai tukunyar inda ake jin yunwa. Ta fara da kula biyu a gindin bishiya, daga baya ta samu rumfa da benci huɗu. Direbobin tirela, mahauta, dillalai da 'yan lodi, wato masu tura shanu cikin mota, duk suka san hannunta. A lokacin nan ta riga ta saba da firi, tana jefa shi cikin magana kamar 'yar gari, har tana ganin ta gama da shi.

Laraba ce ranar kasuwa, ranar da ko ruwa ba ta samun sha a zaune. Alhamis kuwa kasuwa kan yi sanyi, shanu sun tafi kudu, sai ɗaiɗaikun mutane. Wata Laraba da damina, bayan la'asar, Malam Babaji shugaban 'yan lodi ya zo rumfar fuskarsa a murtuke. Iska ta kwashe rumfarsu, ga shi kuma mutanensa suna rigima a kan layin lodi, wa ke gaba wa ke baya, yana son ya tara su ya sasanta.

"Hajiya, wurin zama nake nema gobe. Ko na awa biyu ne."

"Haba Shugaba, wannan ai ba abin damuwa ba ne," in ji Yakaka tana kwashe shinkafa. "Gobe Alhamis rumfata firi ce tun daga hantsi. Ku zo, ka kawo duk mutanenka."

A ƙarshen benci akwai Maigandi, wani ɗan keke abokin aikin Kaumi, yana sharce kwano. Maigandi mutumin kirki ne, sai dai labari ba ya kwana a cikinsa, kuma ba ya jira ya ji farkon magana. Abin da kunnensa ya kama shi ne gobe, firi, da kuma a kawo mutane. Ya wanke hannu, ya hau kekensa, duk fasinjan da ya ɗauka daga nan har magariba sai da ya yi masa albishir.

Washegari Yakaka ta dafa abin da ta saba dafawa ranar Alhamis, rabin na Laraba ma bai kai ba. Da ta iso rumfa ta tarar benci huɗun sun cika, wasu na tsaye, wasu sun tsuguna a inuwar tirela. Ta ce a ranta, lallai rigimar 'yan lodi ta yi girma. Sai dai ta ga mahauta a ciki, ta ga masu sayar da igiya, ta ga wani mai gyaran taya da bai taɓa taka rumfarta ba. Kowa yana mata murmushi, ana ta "Sannu da ƙoƙari, Hajiya."

Ta fara zubawa. Na farko ya ci, ya sha ruwa, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah ya karɓa, Allah ya kai ladan kabarin iyaye." Mahaifinta bai daɗe da rasuwa ba, addu'ar ta taɓa ta, ta ce amin da zuciya ɗaya. Mutumin ya sa takalmi ya tafi. Ta bi shi da kallo, ta ce wataƙila mantuwa ce, gobe zai kawo. Na biyu ya gama, ya yi tasa addu'ar wadda ta fi ta farko tsawo, shi ma ya kama hanya. Na uku har da neman ƙarin miya.

Tana tsaye da ludayi tana ƙoƙarin gane abin da ke faruwa sai ga Kaumi ya faka kekensa a guje, ya ratso mutane.

"Maman Khalida, ashe kujerar Makka na samu ban sani ba?"

"Wace kujera?"

"Yanzu na sauke wata tsohuwa daga Ngojin. Ta ce mijin Yakaka mai abinci ya samu kujerar Makka, shi ya sa matarsa ke sadakar abinci yau. Har ta ce in na san shi in ce ya yi mata addu'a a can."

Yakaka ta waiga, idonta ya faɗa kan Maigandi, wanda ya kawo mutum huɗu a kekensa kuma yana tsara musu layi kamar shi ne mai bikin.

"Maigandi! Zo nan. Me ka gaya wa mutane?"

"Abin da kika faɗa, Hajiya. Da kunnena na ji. Kika ce gobe firi ne, a kawo kowa."

"Libir na ce!"

"Wallahi firi kika ce."

Ta buɗe baki za ta musa, sai ta tuna. Firi ɗin ta ce. Daidai lokacin Malam Babaji ya iso da 'yan lodinsa, suka tarar ko wurin tsayawa babu, balle na sasanci.

Yakaka ta ɗaure bakin lafayarta a kugu, ta buga ludayi a murfin tukunya har wurin ya yi tsit.

"Jama'a, ku saurare ni. Benci ne firi, ba shinkafa ba! A garinmu in wuri ba kowa, libir ake cewa. In abu kyauta ne, giratwi ake cewa. Rumfata libir ce yau, na ba Shugaba aron ta. Abincina kuwa bai taɓa zama giratwi ba, kuma mijina ko Damaturu ba a ba shi kujera ba!"

Dariya ta ɓarke har da masu buga ƙafa. Waɗanda ke cikin ci suka tsaya da loma a hannu, ba su san ko su kai baki ko su mayar ba. Wani dattijon mahauci da ya riga ya share kwanonsa ya fara laluben aljihu, kunya ta kama shi, yana cewa, "Ai sai ki yi haƙuri, 'yata, ni har na yi wa mahaifinki addu'a."

Wannan maganar ce ta kwance mata fushi. Ta dubi tukwanen, ta dubi mutanen. Addu'ar da ta riga ta amsa da amin, ta yaya za ta ce a mayar a kawo kuɗi? Ta ce wa dattijon ya bar aljihunsa. Ta ce abin da ke cikin tukwanen nan ya tafi sadaka, Allah ya kai wa mahaifinta, amma in ya ƙare ya ƙare, kada wanda ya tsaya yana kallonta.

"Kai kuma," ta nuna Maigandi da ludayi, "ka hau kekenka, duk inda ka kai labarin nan ka koma ka kwance shi. In ka dawo ga kwanuka suna jiranka."

Maigandi ya tafi yana sosa ƙeya. Kwance labari kuwa ya fi ɗaura shi wuya, don har azahar mutane na ta zuwa. Dattijon mahaucin ya aiko da kayan ciki, wani mai hatsi ya kawo 'yar shinkafa, Yakaka ta sake ɗora tukunya tana mita tana dariya. Taron 'yan lodi dai bai yiwu ba. Sun ci sun ƙoshi, suka watse, mako na zagayowa suka ci gaba da rigimarsu daga inda suka tsaya. Akwai kuma wani dillali da ya iso bayan an kife tukwane, wanda har yau in ya zo cin abinci sai ya tuna mata cewa yana bin ta kwano ɗaya na ranar firi. Ita kuma takan ce ya je ya karɓa wurin Maigandi.

Tun daga ranar kalmomin biyu suka zauna a rumfar. 'Yan lodin da ba su taɓa shiga aji ba suna tambayar ko benci libir ne, in wani ya cika neman ƙarin nama a ce masa nan ba giratwi ba ne. Direbobin da ke zuwa daga Nijar da Chadi kan yi mamaki su ji Faransanci a bakin mahaucin Potiskum, su tambaya ko ya taɓa zama can, ya ce a'a, wurin Hajiya ya yi lakwal. Yakaka da kanta ta daina furta firi kwata-kwata. Ta ce ita da kalmar nan sai dai gaisuwa daga nesa.

Bara ne Kaumi ya fara yawan jin ƙishi da kasala, aka auna shi aka ce ciwon suga ne ya fara leƙo shi. Kaumi kuwa mutum ne da ba ya shan shayi sai cokali ya kusa tsayawa a cikin kofi. Ya dawo daga asibiti da fara'arsa, abin da ya ba Yakaka mamaki, ya ajiye wani gwangwanin garin shayi a tabarma.

"Likita ya ce in dinga neman mai wannan rubutun. Shuga firi. Kin ga ke nan ba a hana ni ba. Shuga firi ne, in sha yadda nake so."

Yakaka ta ɗauki gwangwanin ta juya shi. Tana iya karanta baƙaƙen, amma ta daɗe da sanin halin kalmar. Ta ƙwala wa Khalida kira, wadda yanzu take ajin ƙarshe a sakandare.

"Karanta min wannan. Wane firi ne a cikinsu? Na kyauta ne ko na izini?"

Khalida ta duba, ta danne dariya saboda mahaifinta. "Ba ko ɗaya, Mama. In aka sa shi a bayan abu, yana nufin babu abin a ciki. Babu suga ke nan."

"Babu?" in ji Kaumi, fara'ar tana zubewa.

"Ko ƙwaya, Baba."

Yakaka ta tafa hannu. "San sukur, wato babu suga! Da Faransanci ne da tun a asibiti ka san matsayinka. Wai kalmar da ke cewa ɗebi kyauta ita ce kuma ke cewa babu. Kai, wannan yare naku!"

Kaumi ya ce zai koma ya sake tambayar likita, wataƙila yarinya ba ta kai wurin a karatu ba. Yakaka ba ta jira ya dawo ba. Da safe ta haɗa robar sugan gidan cikin kayan rumfa, ta sa shi ya kai ta kasuwa da kekensa, robar tana kan cinyarta bai sani ba. A hanya ya tsaya wurin mai shayin da ya saba, ya ɗaga yatsa zai yi oda, sai ta leƙo daga baya ta ce wa mai shayin daga yau na maigidanta ba a sa masa komai. Kaumi ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai ruwan zafi ne aka ɓata wa suna. Ya shanye dai, suka wuce, don Laraba ce kuma tireloli sun riga sun fara shigowa.